Gwiwar Yaya

Litinin, da magariba

Yau na ga mikin da idona. Ashe kowa a gidan ya sani sai ni.

Na biya shagon Yaya don in kai masa maganinsa, na tarar da shi yana aski a tsaye kamar kullum, kilifa a hannu, yana ba mutane dariya. Amma na lura duk nauyinsa a ƙafar dama yake. Da wanda ake yi wa askin ya tafi na ce ya cire ƙafar robar in gani. Ya ce, "Auta, ke dai ba kya zuwa sai da bincike. Zauna in aika a sayo miki lemo." Na ce ba lemo ya kawo ni ba. Na ja labule, na tsuguna, na kwance masa da kaina.

Warin ne ya fara dukana. Soson da ke cikin kofin, wato inda dungun ƙafar yake shiga ya zauna, ya ɓare daga jikin robar, ya nannaɗe ya zama kamar igiya daidai ƙasan gwiwa. A kan wannan igiyar yake tsayawa tun safe har yamma. Kuma wai don ya gyara, ya sayo gam na masu gyaran takalmi ya lafta, gam ɗin ya bushe ya yi tauri kamar tsakuwa. Mutum mai ciwon suga!

Na ce, "Yaya, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Aikinki ne. Kin yi ta murna ranar da na sa ta. Sai in zo in ce miki ta lalace?"

Da ba yayana ba ne, wallahi da ƙafar zan maka masa.

Na ja shi asibiti. Likita bai yi kwana-kwana ba: in mikin bai rufe ba, in ya ci ya kai ƙashi, za su sake yankewa, wannan karon a saman gwiwa. Mai gwiwa yana tsayuwar aski, yana hawa mataki, yana durƙusawa. Wanda ba shi da ita sai ya koyi tafiya daga farko, kuma jikin Yaya ba na wannan wahalar ba ne.

Gwiwa tana nan. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan.

Talata, da hantsi

Na ɗauke ƙafar. Yana wanka Anti, matarsa, ta miƙo mini ita ta taga a cikin jakar kasuwa. Tun daga bakin titi ina jin muryarsa yana kiran sunana. Ya yi ta kira. Ya zauna a gida, likita ya ce kada dungun ya taɓa komai.

Yanzu tana kan teburina a ɗakin gwaji, da takalminsa a jiki, igiyar a ɗaure. Na juyar da ita ta kalli bango.

Abin da ke cina shi ne wannan aikin nawa ne, shi nake yi kullum, shi nake koyarwa. Robar da ake yin kofin da ita santsi gare ta, gam ba ya kama ta. Shi ya sa Dogo, mai haɗa ƙafafun roba, yake kawo mana kofunansa kafin ya manna soso. Mu kuma mu bi ta cikinsu da injin filasma. Ba wani sihiri ba ne: iskar ɗaki ce ake bi da ita ta cikin wutar lantarki mai ƙarfi, ta fito ta bakin ƙarfe tana huci, shuɗiya-shuɗiya, ba ta ƙona roba. Tana kankare fuskar robar kaɗan, kankarewar da ido ba ya gani, ta bar ta a buɗe yadda gam zai sami wurin kamawa. In muka haɗa mata tururin sinadari kuma, ta shimfiɗa wani siririn shafi a kai. Gwajinmu na farko ɗigon ruwa ne. A robar da ba a taɓa ba yana tsayawa a dunƙule kamar dutsen wuya. A wadda aka yi wa aiki yana kwanciya ya baje.

Kofuna nawa suka bi ta ɗakin nan? Tsofaffi, yara, direbobi, har wata mai tallan kaya da ke yini a rana. Ba wanda ya dawo da soso a ɓare. Sai na yayana. Uwa ɗaya uba ɗaya.

Wani ya yi wani abu, kuma sai na gano shi.

Laraba, bayan azahar

Na fara da Anti. Na san tana shafa masa wani mai a dungun kowace safiya, wanda wata ƙawarta ta ba ta. Mai kuwa abokin gabar gam ne. Na shiga kicin ɗinta ko zama ban yi ba na ce ta ba ni kwalbar.

Ta ce, "Wato ni ce?"

Na ce, "Ban ce ke ce ba. Gwadawa zan yi."

Ta ce, "Ki gwada. Ni da nake wanke masa mikin nan safe da yamma, ni ce abin gwadawa."

Na ce, "Kina wankewa kina ɓoyewa. Da kin kira ni tun farko da ba mu kai nan ba."

Ta ajiye wuƙar da ke hannunta a hankali. Ta ce, "Ya rantsar da ni. Ya ce kin yi wata da watanni ba kya barci saboda ƙafar nan, kada a karya miki zuciya. Ke ba ki san yadda ake zama da yayanki ba, ziyara kike kawo masa."

Wannan ta shige ni. Na ɗauki kwalbar na fito ban yi sallama ba.

Zuciyata! Wa ya ce musu ƙwai ce? Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, amma a gidanmu kowa gwanin rufa-rufa ne. Haka aka yi a wancan karon ma, sai da... Ba zan koma can ba.

Gwiwa tana nan.

Alhamis, da safe

Ya ƙi ɗaukar wayata.

Asabar, da yamma

Ba man ba ne.

Na yanka ƙananan allunan roba irin ta kofin, na bi ta kansu da injin yadda aka saba, na manna soso. Na lafta musu man Anti har yana ɗiga, na jiƙa su da ruwan gishiri mai ɗumi a madadin gumi, na bar su a akwatin zafi. Yau na sa su a injin ja, mai fizgar soso don gwada ƙarfin manni. Soson ne ya yage a tsakiyarsa, mannin bai ko motsa ba. Ba mai ba, ba gumi ba.

Na mayar mata da kwalbarta. Na ce, "Anti, ba shi ba ne." Ta ce, "To." Na tsaya ina jira ta ƙara wani abu, ko zagi ne, in sami abin da zan riƙe. Sai ta ce, "Kin ci abinci?" Ita ma ta iya mugunta.

Yaya yana falo, dungun a kan matashi, yana kallon talabijin ba murya. Bai kalle ni ba. Can ya ce wa talabijin ɗin, "Wasu sun sace wa gurgu ƙafa suna yawo a gari." Na ce wa talabijin ɗin, "Wanzami dai ba ya son jarfa. Shekara da shekaru yana cewa mutane su zauna kada su motsa, yau an ce ya zauna ya kasa." Ya so ya yi dariya ya danne.

Mikin ya ɗan bushe a gefe. Anti ta ce warin ya ragu.

Gwiwa tana nan.

Litinin, da hantsi

Dogo.

Aikin injin ba ya daɗewa. In aka yi wa roba yau aka ajiye ta, a hankali fuskar take komawa gidan jiya, ta rufe. Shi ya sa nake ta fama da shi ya riƙa mannawa a ranar. Na san halinsa, mutum ne da ke ajiye abu "na minti biyu" a dawo bayan mako a tarar da shi a wurin. Na shiga shagonsa da shirin faɗa, ƙurar farin garin da yake gwada dungu da shi ta cika ko'ina, ƙafafu a rataye a bango kamar a mahauta.

Na ce, "Kwana nawa kofin Yaya ya yi a nan kafin ka manna?"

Ya cire abin rufe hancinsa. Ya ce, "Dakta, sannu da zuwa tukuna."

Na ce, "Kwana nawa?"

Ya ce, "Ko shayi ban sha ba. Malam da kansa ya kawo shi a cikin leda sabuwa, ya ja kujera ya zauna a nan, ya ce ba zai tashi ba sai ya ga na manna. Na fi kowa sanin na waye. In kina neman wanda za ki ɗora wa, ki duba wani wuri, ni wuyana ya yi tsawo da yawa, kowa shi yake hangowa."

Na yarda da shi, abin haushin ke nan.

Malam ne ya yi wa kofin aiki, ba ni ba. Ni na roƙe shi. Likita ba ya yi wa ɗan'uwansa fiɗa, ni ma na ce gara wanda ya fi ni. Shi ya koya mini riƙe bakin injin nan. Shi ya fara gwada shi a cikin kofi tun ina ɗaliba. Ya yi ritaya amma mabuɗinsa yana hannunsa har yau. Aminin Baba ne tun kafin a haife ni, kuma tun da Yaya ya buɗe shago ba wanda ya taɓa kan Malam sai shi. Don haka wannan matakin ba sai na duba ba.

Saura robar kanta. Wataƙila mara kyau aka sayar mana.

Talata, da rana

Na sa zarto na yanka kofin. Ban san zan yi kuka ba. Roba ce fa.

Laraba, bayan la'asar

Robar lafiyarta ƙalau. Na gwada bayan kofin, inda injin bai taɓa ba, daidai take da ta kowa.

Sai na sa cikin a babban madubin ƙara girma. Fuskar da aka yi wa aiki daidai takan fito da 'yan ƙananan tudu a jere, lumui. Wannan kuwa ramuka ne, rami a cikin rami, kamar inda kaji suka yini suna tono. Na juya soson da ya ɓare na duba bayansa. Gam yana nan daram, kuma a jikin gam ɗin akwai wani farin gari-gari. Na gwada garin. Roba ce.

Wato gam bai saki roba ba. Robar ce ta saki kanta.

Na kashe madubin na zauna. Mai shara ta shigo ta fita ina nan zaune.

Ba zan rubuta abin da nake tunani ba sai na gwada.

Alhamis, da safe

Zazzaɓi. An kwantar da shi.

Juma'a, da yamma

Na yanka alluna. Wasu na bi ta kansu sau ɗaya yadda ƙa'ida ta ce. Wasu sau biyu. Wasu sau huɗu, a hankali, bakin injin dab da robar.

Na ɗiga ruwa. A na sau ɗaya ya kwanta. A na sau huɗu ya fi kwanciya, ya baje tas har yana ƙyalli, wanda bai sani ba sai ya ce wannan ne na ƙwarai. Ganin kitse ake yi wa rogo. In aka matsa wa roba da yawa, samanta yana farfashewa ya zama gari. Ruwa yana son garin, gam ma yana son garin, amma garin ba ya riƙe da komai. Na wanke ɗaya na sake ɗigawa, ruwan ya ja jikinsa ya fara dunƙulewa.

Na manna soso. Na sa su a madubi kafin nan. Ramukan na sau huɗu da na kofin Yaya kamar an tsaga kara.

Wannan darasin shekarar farko ne. Na san wanda ya koya mini shi. Ina iya jin muryarsa: "Injin nan kamar gishiri yake, 'yata. Kaɗan gyara, da yawa ɓarna."

Ban je wurin Malam ba.

A asibiti sun buɗe mikin sun wanke. Likita ya ce za a ɗauki hoton ƙashi. Yaya ya ce mini, "Auta, ki leƙa shagon ki zuba wa shukar nan ta bakin ƙofa ruwa." Ga abin da ya dame shi.

Gwiwa tana nan.

Asabar, da hantsi

Ban je wurin Malam ba.

Lahadi, da yamma

Ban je ba. Na yi faɗa da mai gadin asibiti a kan lokacin ziyara, na yi faɗa da wani direba da ya tare mini hanya, na yi faɗa da Umma a waya don ta ce in yi haƙuri. Haƙuri da wa? Ta ce, "Da ƙaddara." Na ce ƙaddara ba ta riƙe bakin inji. Ta ce in yi istigfari. Na yi, amma fushin bai tafi ba.

Na fi son a ce mugu ne ya yi. Da wani ɗan kasuwa ne ya sayar mana da jabu, ko wani malalaci ya tsallake aiki, da na san inda zan kai wannan wutar da ke ƙirjina.

Litinin, bayan azahar

Shi ya zo.

Ina tsaye a gaban injin ja na ji ƙarar sandarsa a baranda. Ya shigo da farar rigar aikinsa da ta tsufa, gashin kansa ya taru ya yi buzu-buzu a bayan kunne, tun da aka rufe shagon bai yi aski ba. Ya ce daga asibiti yake. Ya ga gutsattsarin kofin a tebur ya girgiza kai.

Ya ce, "Abin nan ya hana ni sukuni, 'yata. Ko me ya jawo, ba daga wurinmu ba ne. Na yi wa kofin nan abin da ban taɓa yi wa wani ba. Na bi sau ɗaya, na ce idona ba kamar da ba, kada in bar wani lungu. Na sake bi. Na tuna mahaifinku, na ce ɗan amana ne, na ƙara. Sai da na yi huɗu, a hankali, ban yi gaggawa ba. Da na ɗiga ruwa, ki ga yadda ya kwanta!"

Yana faɗa yana murmushi. Da alfahari yake faɗa.

Na ɗauko allo ɗaya na sau ɗaya na miƙa masa na ce ya ɓare soson. Ya ja, ya ja, ya kasa. Na ɗauko na sau huɗu. Da yatsu biyu ya ɗaga shi, ya taho salin-alin kamar ɓawon ayaba. Ya juya soson ya kai kusa da tabaransa. Ya shafa garin da babban yatsa.

Ya daɗe a haka.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wa ya koya mini maganar gishiri?"

Na ga yana neman kujera da ido, kuma ban tura masa ba. Na ce, "Da ka yi masa irin na mai tallan kaya. Da ka yi masa irin na kowa. Me ya yi maka da ka so shi haka?"

Ya ce, "Na sani. Wallahi na sani. A aji na sani." Ya nuna kofin. "A nan ne na manta."

Ya ciro mabuɗin ɗakin daga aljihu ya ajiye a tebur. Na ce ya ɗauki abinsa, ba mabuɗi nake nema ba. Ya bar shi ya fita. Ina jin sandar har ƙarshen baranda.

Na zaci in na faɗa zan ji sanyi. Ƙarya ne.

Dubi dai yadda abin yake. Malam ya ƙara don yana sonsa. Yaya ya ɓoye don yana sona. Anti ta yi shiru don tana son mijinta. Kowa alheri yake yi, ƙafa tana ruɓewa. Garin neman gira aka... A'a, ba a rasa ba tukuna.

Gwiwa tana nan.

Talata, da safe

Dogo yana da ma'aunin dungun Yaya a ajiye. Na ce ya zuba sabon kofi. Ya ce, "Dakta, ba za mu jira hoton ba?" Na ce in ya ƙara faɗin haka zan rataye shi a bango tare da ƙafafunsa.

Laraba, bayan la'asar

Da hannuna na yi. Na sa safar hannu, na goge cikin kofin, na kunna injin. Warin nan nasa mai kama da na bayan tsawa ya cika ɗakin. Na bi sau ɗaya, da saurin da aka saba, da tazarar da aka saba.

Da na kai ƙarshe hannuna ya so ya koma. Wallahi ya so. Akwai wani lungu ta bayan gwiwa da zuciyata ta ce, anya kin taɓa nan? Ɗan ƙara kaɗan mana, Yaya ne fa. Sai da na kashe injin daga bango na fita baranda na tsaya.

Ban yafe wa Malam ba. Amma na san lungun da ya tsaya.

Na kai wa Dogo da kaina, ya manna ina tsaye. Ya yi kyau. Da zarar mikin ya rufe sai sakawa.

Alhamis, da rana

Hoton ya fito.

Juma'a

Sun ce ya kai ƙashi, gobe da safe za a yanke. Anti ce ta sa hannu. Ni na fita.

Lahadi, da yamma

Bargon ya kwanta a wurin da bai kamata ya kwanta ba. Ina shiga ɗakin nan idona ya fara sauka, kuma na kasa ɗauke shi.

Ya farka, yana magana, har ya tsokani ma'aikaciyar jinya wai ta rage masa kuɗin gado tunda ya rage tsawo. Kowa ya yi dariya. Ni na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Laraba, bayan azahar

Na faɗa masa. Duka. Anti tana zaune, na ce ta zauna ta ji, ita ma na zarge ta. Na faɗi maganar bin kofin sau huɗu da Malam ya yi, da garin, da ɗigon ruwan da ya yaudari tsoho. Ina so ya yi fushi. Ina so ko sau ɗaya wani a gidan nan ya taya ni.

Ya ɗaga ido yana kallon silin. Can ya ce, "Haka aska take. In babban mutum ya zauna maka, ka ce bari in burge shi, ka yi ta maimaitawa a wuri ɗaya, jini za ka fitar. Na taɓa yi wa surukina." Ya juya wurin Anti. "Kin tuna?" Ta ce ta tuna, da filasta ya je ɗaurin aure.

Na ce, "Yaya, gwiwarka ce fa."

Ya ce, "Na fi ki sanin tawa ce." Muryarsa ta canza a nan, ya juya fuska bango. Da ya juyo idonsa ja. Ya ce wa Anti ta kawo masa kilifa gobe, ni kuma in kira Malam.

Na ce ba zan kira ba.

Ya ce, "To ba ni wayar."

Alhamis, da hantsi

A ɗakin asibiti aka yi askin. An ɗaga kan gadon, an tokare Yaya da matasai, Malam ya zauna a 'yar kujera ya ba shi baya, tawul a wuya. Farin gashi yana zuba a kan bargon, daidai wurin da babu komai. Malam ya buɗe baki zai yi magana, Yaya ya dafa kansa ya ce, "Kada ka motsa, Baba." Kafaɗun tsohon suna rawa, shi kuma yana jira su tsaya ya ci gaba.

Ina bakin ƙofa. Kowa ya yafe wa kowa, ni kaɗai aka bari da fushi kamar wadda aka bar wa wanke-wanke bayan biki.

Da Malam ya tafi, Yaya yana kakkaɓe kilifa ya ce, "Auta, Dogo ya ce in wurin ya warke za a yi wata, mai gwiwar ƙarfe. Ita ma da kofi?"

Na ce da kofi.

"Ke za ki yi?"

Na ce in ya yarda.

Ya ce, "Na yarda, da sharaɗi. Kada ki yi wa yayanki. Ki yi wa wani gurgu da ba ki sani ba, wanda ko sunansa ba ki tambaya ba."

Na ce, "Kai kuma in ya dame ka, ka faɗa mini kamar wanda ya biya kuɗi."

Ya ce, "Har ƙara zan kai ki."

Asabar, da safe

Na zuba wa shukar shagon ruwa. Mabuɗin Malam yana aljihuna, zan kai masa, ba yau ba.

Sabon kofin yana kan teburina. Ba zai shiga kowa ba, da dungun mutum ɗaya aka auna shi, kuma dungun ba ya duniya. Na ce bari in cire soson ko zai yi wani amfani. Na sa yatsa, na sa filaya, na taka kofin da ƙafa na ja da hannu biyu har filayar ta kuɓuce ta yanke ni.

Sau ɗaya na bi ta kansa. Ya ƙi ɓarewa.